Kilo Biyu na Wasiƙu

"Dakata, 'yata. Koma baya. Kin haɗiye layi guda."

Zulhumor ta sauke littafin a kan cinyarta ta dubi tsohon. Fuskarsa na wajen taga, ko da yake shekara uku ke nan idanunsa ba sa bambance komai sai haske da duhu.

"Hikmatilla amaki, ban haɗiye komai ba. Littafin da ba ka taɓa karantawa ba, yaya za a yi ka san na tsallake?"

"Mutumin nan yana tsaye a bakin kogi, sai ga shi cikin kwalekwale. Fukafukai ya yi? Koma ki duba."

Ta koma ta duba. Layin na nan zaune daram tsakanin 'yan'uwansa, idonta ne ya zame saboda gajiya. Ta karanta shi a hankali, tsohon ya gyaɗa kai kamar wanda aka dawo masa da akuyarsa da ta ɓata, sannan ya lalubo kofin shayinsa ya kurɓa.

Shekara arba'in da ɗaya Hikmatilla amaki, wato Baffa Hikmatilla, ya yi a maɗaba'a, da jan fensir a bayan kunne, yana farautar kurakuran mutane kafin a buga su. Da ido ya tafi, sai aikin ya koma kunne, kuma kunnen ya fi idon tsanani. Ƙofarsa na kallon ƙofar su Zulhumor a hawa na uku, a wani tsohon bene na unguwar Chilonzor a birnin Tashkent. Shekara goma sha shida da suka wuce, tana amarya, ya same ta zaune a kan matakala tana karatu, ta manta mukulli a ciki, albasar da ta sayo na gangarawa ƙasa ɗaya bayan ɗaya ba ta sani ba. Bai ce mata sannu ba. Leƙa bangon littafin ya yi, ya ce, "Wannan fassarar ba ta da kyau, zo in ba ki mai kyau." Tun daga ranar take aron littafi a wurinsa, bisa sharuɗɗan da ko a barikin soja sai haka: a wanke hannu, a naɗe bango da jarida, ba a lanƙwasa kusurwar shafi, ba a leƙa ƙarshe, kuma duk abin da aka ara a dawo da shi kafin shekara ta ƙare.

Ita kuwa Zulhumor a gidan kek take aiki, daga shida na safe zuwa huɗu na yamma. A cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa take karatunta, a tsaye, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba ta wuce tasharta. Duk shekara tana tara littattafai uku a saman firji don hutun sabuwar shekara, kwana ukun nan da babu mai ce mata tashi. Mijinta Ravshan kan ce a gidansu littafi ne maigida, shi ɗan haya ne. Da idon tsoho ya mutu, sai ta riƙa shiga wurinsa in ta taso aiki, ta yi masa karatu na awa ɗaya kafin ta ɗora tukunya.

Wannan littafin da ke cinyarta yau dabam ne. A farkon Disamba ya ce ta hau kujera ta sauko da shi daga can saman kanta, bayan agogon da ya daina aiki. Ƙato ne, shafi ɗari biyar da 'yan kai, an naɗe shi da jaridar da ta koma ruwan ƙasa don tsufa. Labarin wani mutum ne da aka kwasa aikin shimfiɗa layin dogo, ya bar matarsa a ƙauye. Ya ce wannan ba ya fita daga ɗakin, a nan za a fara shi, a nan za a gama. Ta ga yadda ya shafa bangon, ta tambaye shi dalili, ya yi kunnen uwar shegu. Sai yau, bayan ta rufe littafin ta miƙe, ya ce ta zauna.

"Ke ba ki riski zamanin ba. A lokacinmu kuɗi ba sa saya maka littafi mai kyau. Sai ka tara tsohuwar takarda kilo ashirin, ka kai rumfa a auna, a ba ka 'yar shaida, da ita za ka karɓo littafi guda. Wata huɗu ni da matata Muborak muna tarawa. Jaridunmu, jaridun maƙwabta, kwalin takalmi, har littattafan makarantar ƙanenta. Muka loda a keken turin jaririnmu Sanjar, shi kuma na saɓa shi a kafaɗa, muka tafi cikin sanyi. Layi tun daga bakin rumfa har kantin burodi. Da aka zo kanmu, matar da ke rumfar ta ɗora a sikeli ta ce goma sha takwas."

"Kash."

"Na ce mata, 'yar'uwa, ko mu ɗora yaron a kai? Ba ta yi dariya ba. Kuma ranar ce ta ƙarshe ta wannan littafin. Muborak ta ce in riƙe layi tana zuwa. Ta dawo tana haki da ƙunshi a ɗankwali, ta miƙa, sikeli ya cika, aka ba mu shaida. Sai a hanyar gida na tambaye ta me ta samo haka."

Ya juya kofin a tafin hannunsa.

"Wasiƙuna ne. Wata biyu da aurenmu aka ɗauke ni aikin soja, shekara biyu. Duk kwana uku sai na rubuta mata. Ɗari biyu da arba'in da wani abu. Su ta kai aka auna da kwalin takalmi."

Zulhumor na tuna Muborak hola, wato Gwaggo Muborak, sarai, 'yar gajeruwa mai saurin tafiya, wadda ba ta wuce ƙofar mutum ba tare da ta ajiye masa wani abu mai zafi a faranti ba. Shekara tara ke nan da rasuwarta.

"Na rantse ba zan buɗe littafin ba. Ita ta karanta, sau uku ko huɗu. Duk ƙarshen shekara sai ta ce, 'Hikmat, ka karanta shi har ƙarshe, sai mu yi magana.' In ce mata shayina ya huce. Ba mu taɓa faɗa a kai ba, 'yata, mun zauna lafiya. Amma abin na nan, kamar tsakuwa a takalmi. Da ta tafi kuma sai kunya ta hana ni. Yanzu ina so in ji abin da ya fi wasiƙuna daraja."

"Za ka ji, amaki. Saura shafi ɗari da tamanin."

"Kafin shekara ta fita."

"In Allah ya yarda."

Amma wanda bai yi aikin gidan kek a watan Disamba ba bai san gajiya ba. Duk mutumin Tashkent da ya shekara bai tuna da kek ba, a makon nan yake tunawa, kuma nasa yake so a fara yi. Tashin ƙarfe huɗu ya koma na shida, na shida ya koma na takwas. Zulhumor kan dawo ƙafafu a kumbure, ƙanshin man shanu har cikin gashinta, ta tsaya a tsakanin ƙofofin biyu tana shawara da zuciyarta. Wata rana ta shiga ta karanta shafi goma sha biyar tana hamma, wata rana ta buɗe tata ƙofar a hankali don kada tsohon ya ji. Yana ji mana. Kashegari sai ya ce, "Jiya ɓera ya shiga gidanku da mukulli."

Ta lura ya rame, ta lura tuwon shinkafar madara da take kai masa yana dawowa kusan yadda ya tafi. Ya ce gyambon ciki ne, likita ya faɗa. Ranar ashirin da takwas ga wata Sanjar ya sauka daga Koriya, inda yake aiki a masana'anta, ba tare da sanarwa ba, shi da bai taɓa zuwa da hunturu ba. Da a ce kanta ba ya cike da lissafin ƙwai da fulawa, da ta sha jinin jikinta tun a ranar. Murna kawai ta yi, ta ce tsoho ya samu mai ba shi magani a kan lokaci.

Ranar ashirin da tara ta same shi a kwance, ba a kujerarsa ba. Ta ɓare masa lemun tanjarin, ya tsotsi ɓari ɗaya, ya ce ta ɗora bawon a kan bututun ɗumama ɗaki yadda Muborak ke yi, ɗakin ya yi ƙanshin sabuwar shekara. Ta karanta shafi ashirin, muryarta ta dushe.

"Saura sittin, amaki. Gobe da jibi ko numfashi sai na nemi izini. Amma ranar ɗaya ga wata hutu nake, kwana uku cur. Zan zo tun da safe da butar shayi, ba zan tashi ba sai mun ga bayansa."

"Ban taɓa tsallaka shekara da littafi a buɗe ba."

"Wannan fa? Shekara arba'in yana tsallakawa."

"Wannan a rufe yake. Yanzu ne kika buɗe shi."

Ta yi dariya ta gyara masa bargo. "Kwana ɗaya ne kacal, ba wanda zai kai ƙararka."

"To," ya ce. Wannan 'to' ɗin ya bi ta har gida.

Ranar talatin ba ta leƙa ba sam. Ranar talatin da ɗaya da asuba ta fito da jakarta, sai ta tarar da Sanjar zaune a kan matakala, taga a buɗe, yana shan taba cikin sanyi, idanunsa jajur.

"Yaya Sanjar, lafiya? Jikin ne?"

Ya murje tabar a jikin gwangwani. "Zulhumor, ba gyambon ciki ba ne. Ciwon daji ne, ya cinye hanta. Tun watan jiya likita ya gaya min ta waya, na roƙe shi kada ya faɗa masa. Kin san yadda ake yi, ba a gaya wa tsoho irin wannan. Jiya ya zo ya duba shi, ya ce yau ko gobe."

Jakar ta yi mata nauyi, ta jingina da bango. "Ni ma sai ka ɓoye min?"

"Fuskarki ba ta riƙe magana. Da kin shiga zai ji a muryarki." Ya share hanci da bayan hannu. "Jiya tun la'asar yake cewa in saurara, ko takunki ne a matakala. Na ce bari ni in karanta masa. Na yi rabin shafi ya ce in bari, wai ina karatu kamar mai kiran sunayen fasinja."

Ta dubi ƙofar tsohon. Barci yake, an yi masa allura, ba zai farka ba sai hantsi. Ta sauka matakalar. A cikin jirgi littafinta na cikin jaka, ba ta ko taɓa shi ba.

A gidan kek kuwa wuri ya ɗau zafi tun kafin gari ya waye. Lola opa, wato Anti Lola, mai gidan, mace mai jiki da murya, tana tsaye a tsakiya da takarda a hannu tana raba umarni. Kek ɗari da arba'in za a fitar kafin magariba, kuma duk cikin ma'aikata hannun Zulhumor ne kaɗai ke iya furannin kirim yadda masu saye ke so. Sai wajen ƙarfe goma ta samu ƙarfin halin zuwa gabanta.

"Lola opa, ina so in tafi da azahar."

Lola opa ta dube ta sama da ƙasa. "Yau? Wa ya mutu?"

"Bai mutu ba tukuna."

"Mahaifinki? Surukinki?"

"Maƙwabcina ne."

"Ba shi da kowa?"

"Ɗansa na nan."

"To ke likita ce? Me za ki yi masa?"

"Littafi zan ƙarasa karanta masa."

Matan da ke kusa suka ɗago kai. Lola opa ta naɗe takardarta ta soke a aljihu. "Littafi. Shekara bakwai ina haƙuri da ke, kina karatu a bakin tanda har kin taɓa ƙona min tire guda na biskit. Yau kuma littafi zai ɗauke min ke ranar da na fi bukatarki. Koma bakin aikinki, ƙanwata, kada ki sa in faɗi abin da zan yi nadama."

Ta koma. Ta yi fure, ta yi ganye, ta rubuta barka da sabuwar shekara sau ba adadi, idonta na kan agogon bango. Haushin kanta take ji fiye da na kowa. Tana ƙirga ranakun da ta buɗe ƙofarta a hankali kamar ɓarauniya, kowace da shafi goma sha biyar da sun isa su gama. Ƙarfe biyu saura kwata ta ji an ajiye kwali a gefenta.

"Tashi ki tafi. Kina ɗiga min hawaye a kirim, gishiri zai yi yawa." Lola opa ba ta kalle ta ba. "Wannan ya tsage a gefe, ba mai saye. Ki kai wa ɗan nasa, masu zuwa dubiya za su so abin shan shayi. Nawa uban yana mutuwa ina nan ina auna sukari. Tafi kafin in canja shawara."

Jirgi cike yake maƙil da masu jakunkunan tanjarin da kwalaye masu ƙyalli, wani har da bishiyar ado a kafaɗa tana tsokane wa mutane ido. Uku ta wuce kafin ta hau benensu. Matakala duk ƙanshin soyayyen karas da nama, kowane gida na haɗa teburin biki. Sanjar ya buɗe mata, ya ce limamin unguwa ya zo ya yi addu'a ya tafi.

Tsohon ya ƙanƙance a cikin bargo, hancinsa ya yi tsini. Ta ja kujera, ta ɗauko littafin daga kan tebur.

"Kin wanke hannu?" Muryar kamar daga ƙasan rijiya.

"Na wanke, amaki."

"Ƙarya. Ina jin ƙanshin kirim."

Ta je ta wanke, ta dawo ta fara. Ta yi iya ƙoƙarinta kada muryarta ta tona ta. Shafi biyar, shafi goma. Mutumin labarin ya faɗa hannun hukuma an kulle shi. Numfashin tsohon ya fara yin nisa, ya ja ɗaya, ya daɗe, har sai ta ɗaga ido kafin na biyu ya zo. Rana ta sauka bayan benen da ke fuskantarsu. Sanjar na tsaye a bakin ƙofa, ya dube ta, ya dubi kaurin shafukan da suka rage a hannunta na dama, ya girgiza kai a hankali.

Shekara goma sha shida ba ta taɓa karya masa doka da gangan ba. Ta kai ƙarshen wani shafi, ta yi tari don ya rufe ƙarar takarda, ta kama shafuka da yawa ta juya su gaba ɗaya, ta sauka a babin ƙarshe. Tana jiran a ce mata dakata. Ba a ce ba. Ta ci gaba. Mutumin ya sauka a tashar ƙauyensu da furfura, ya taka har gida, ya tarar da matarsa na shanya tufafi, ta juyo ta ce masa ya shigo da guga in zai shigo. A nan littafin ya ƙare.

"Shi ke nan?" in ji tsohon, bayan wani lokaci.

"Shi ke nan, amaki."

"Ba laifi. Amma bai kai kilo biyu ba."

Za ta rufe ke nan sai tsohuwar jaridar da aka naɗe bangon baya da ita ta ɓalle a lanƙwasarta. Ashe ba bangon kaɗai ta rufe ba, an cusa fararen shafukan nan na ƙarshe guda huɗu a ƙarƙashinta. Kuma ba farare ba ne. Cike suke gaba da baya da rubutun fensir, ƙanana ƙanana kamar jerin tururuwa, babu ko gefe.

"Amaki, akwai rubutu a nan. Da hannu."

"Wane ɗan ɓarna ne ya yi rubutu a littafi?"

Ta matsa kusa da fitila, ta karanta layin farko. "'Hikmat mai taurin kai. Takardar na ba su, maganar tana wurina. Ga waɗanda na haddace.'"

Hannunsa da ke kan bargo ya motsa. Sanjar ya shigo ya durƙusa a gefen gado.

"'Ta farko, watan Nuwamba. Muborak, mun iso. Sanyin nan ya fi ƙarfin safa biyu. Ki gaya wa Inna kada ta sauke gurasar da na gutsura daga bango, zan dawo in cinye abata. Kada ki ba kowa aron littattafaina, ko ƙanenki.'" Zulhumor ta sauka layi na gaba. "'Ta tara. Yau an ba mu miyar kabeji karo na ashirin. Na yi mafarkinki kina yanka kankana a tsakar gida, na farka ina jin haushin wanda ya tashe ni.'"

"Kankana ce," in ji tsohon a hankali. "Haka ne."

Ta ci gaba. Ta sha bakwai, ta talatin, ta hamsin da biyu. Wata layi biyu, wata biyar. Takalmin da ya matse shi, abokinsa da ya koya masa wasan dara, ranakun da suka rage. A wata ta ɗari da wani abu an rubuta cewa kewarta ta hana shi cin abinci, sai ya ɗaga yatsa.

"Wannan ba ni ba ne. Ni ban taɓa barin abinci ba. Ita ta ƙara gishiri." Leɓɓansa suka yi abin da ya so ya zama dariya. Hawaye na bin gefen idonsa suna shiga kunne, bai damu ya share ba.

A can ƙasan shafi na ƙarshe rubutun ya canja. Fensirin ya fi baƙi, hannun na karkarwa, kuma an sa kwanan wata, shekarar da Muborak hola ta kwanta ciwonta na ajali. Zulhumor ta karanta.

"'Na ga alama ba za ka karanta ina raye ba. Ba komai. Ina jira, ai na saba.'"

Daga hawa na ƙasa ana jin sara a kan katako, wata na yanka dankalin biki. Sanjar ya kifa goshinsa a gefen katifa, kafaɗunsa na rawa.

"Shekara arba'in," in ji tsohon. "A saman kaina, bayan agogo." Ya miƙa hannu, ta ɗora masa littafin a ƙirji a buɗe, ya shimfiɗa tafinsa a kan rubutun fensirin ya bar shi a nan.

Ta zauna har numfashinsa ya daidaita, ta ɗauka barci ya yi. Ta miƙe a hankali.

"'Yata."

"Na'am, amaki."

"Shafi nawa?"

"Wane?"

"Wanda kika tsallake. Mutum na kurkuku, kika yi tari, sai ga shi a tashar jirgi."

Kunya ta rufe ta. "Talatin da takwas."

"Na ƙyale ki ne, na ga ni ma sauri nake." Ya ja numfashi. "Ku duka kun ɗauka ban sani ba. Gyambon ciki. Ni da na shekara arba'in ina gane ƙarya daga waƙafi." Ya ɗan juyo da fuskarsa wajenta. "Ki karanta su. Ina so a san yadda ya fito."

"Gobe da safe zan zo in karanta maka."

"Gobe," ya ce.

Ya cika da safiyar ɗaya ga Janairu, bayan fitowar rana kaɗan, gari na ta barcin gajiyar biki. Sanjar ne ya ƙwanƙwasa musu ƙofa, Ravshan ya ɗauki hularsa ya fita kiran dattawan unguwa. Bayan azahar aka fito da shi. Zulhumor na tsaye tare da mata a tagar matakala, tana kallon makara na tafiya a kafaɗun maza ta tsakanin tarkacen takardun ado da ke zube a tsakar gidajen. A bakin titi wani mai tasi ya tsaya ya fito, ya sa kafaɗarsa ya yi 'yan taku da ita, ya shafa fuska ya koma motarsa. Bai san ko wane ne ba. Sai a lokacin kuka ya ƙwace mata, ta yi shi sosai, ba ta ɓoye ba.

Kwana uku ba a ɗora tukunya a gidan mamaci, maƙwabta ke ciyarwa, kuma ƙofar da ta fi kusa ita ce tata. Haka hutun Zulhumor ya tafi a tsakanin murhu da matakala, miya da gurasa da butocin shayi, shiga da fita. Littattafanta uku na saman firji, har ƙura ta fara hawa kansu. Ravshan bai yi tsokanarsa ta kullum ba, shi ya riƙa fere mata karas.

Ranar uku da la'asar masu ta'aziyya suka watse. Sanjar ya tafi raka wasu dangi tasha, ya bar mata mukulli don ta kwashe kwanukanta. Ta tattara su a bakin ƙofa, sannan ta shiga banɗaki ta wanke hannu da sabulu har sau biyu.

An naɗe katifar, gadon ya zama katako zalla. Littafin na kan tebur kusa da kofinsa. Bawon tanjarin na nan a kan bututun ɗumi, ya bushe ya nannaɗe, amma da sauran ƙanshi. Ta ja kujerarta inda ta saba ajiye ta, ta nemo shafin da ta yi tari, ta gyara murya ta fara karantawa a bayyane.

Ta yi shafi shida ko bakwai, hasken taga na raguwa. A tsakiyar wani shafi sai ta ji maganar ba ta haɗu ba, mai gadin kurkuku na riƙe da mukulli, sai ga ƙofa a buɗe. Ta dakata. Ta ɗan saurara. Sannan ta sa yatsa ta koma baya layi guda, ta karanta shi a hankali, ta ci gaba.